Akwatunan Ashana 304 da Suka Koyi Wasa

A shekarar 1961, Donald Michie, masanin kimiyya ɗan Birtaniya da ya yi aikin warware saƙonnin sirri na Jamus tare da Alan Turing a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙudiri aniyar nuna wa mutane cewa na'ura na iya koyo. A zamanin, samun kwamfuta sai wane da wane. Sai ya tara akwatunan ashana 304, ya raɗa musu suna MENACE.

Wasan da ya zaɓa shi ne X da O: gidaje tara, wanda ya riga jera alamarsa uku a layi ya ci. Kusa da dara, wannan wasan yara ne. Kowane akwati na ɗauke da hoton yanayi guda da allon zai iya kasancewa, a cikinsa kuma akwai duwatsun ado kala-kala, kowace kala tana nufin wani gida. In zagayen na'urar ya zo, sai mutum ya ɗauko akwatin da ya dace da allon, ya girgiza, dutsen da ya fito shi ke nuna gidan da za a sa alama.

Koyon yana zuwa ne bayan an tashi wasa. In ta ci, duk akwatin da aka buɗe a ƙara masa duwatsu uku irin wanda ya fito. In canjaras aka yi, a ƙara ɗaya. In kuwa ta sha kashi, a ƙwace duwatsun da ta taka da su. Da farko canki-canka take yi, amma a hankali kalolin da ke kai ta ga nasara suna yawaita, masu jefa ta rami suna ƙarewa. Michie ya buga wasa 220 da ita a karon farko, kuma ba a yi nisa ba ta fara riƙe shi canjaras.

Babu akwati ɗaya da ya san dokar wasan. Abin da muke kira ƙwarewarta lissafin lada da horo ne kawai, shi ya sa take ɗaukar halin wanda ya horar da ita. A haɗa ta da ɗan koyo, sai ta riƙe takun banza don ya taɓa ci mata wasa. A haɗa ta da gwani tun ranar farko, akwatin farko na iya ƙarewa ƙaf, ta rasa dutsen fara wasa.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, da ya fito a 2022, sun gaji wannan dabara da matsalarta. Ana ba mutane amsoshi su zaɓi wadda ta fi, na'urar kuma ta karkata ga abin da ake yaba mata. To, ɗan Adam yana son a ce masa ya yi daidai. A watan Afrilun 2025 kamfanin OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda manhajar ta koma bambaɗanci, kuma ya ce cikin dalilan har da nauyin da aka bai wa alamar yabo da masu amfani ke latsawa.