Jarumai Biyar, Launi Biyar: Me Yaranmu Suke Gani a Cikinsu?



Yau zancen namu na yara ne, amma ke na kawo wa shi, don ke ce alƙaliyar tsakar gida. Na san kin taɓa ganin ɗanki ya kafe ƙafafu, ya ware hannuwa, ya ɗora kwanon sha a ka, ya ce wai shi ne Ja. Kafin ki ce mene ne kuma Ja, ƙaninsa ya ce shi ne Shuɗi, an kai wa buhun masara hauri, an ture butar Malam. Idan kin bincika, wani fim ne suka kalla a waya ko a talabijin, na waɗansu mutane biyar masu matsattsun kaya da hular kwano, kowa da launinsa, suna faɗa da dodanni.

Ni dai ba zan iya yi musu faɗa da zuciya ɗaya ba, don ni ma na yi. Ina ƙarama a Yakasai, gida ɗaya ne a lungunmu mai bidiyo. In an samo kaset ɗin Fawa Renja, haka muke ce masa, sai ki ga takalma jibge a ƙofar ɗaki kamar gidan suna. Mu zauna a kan leda muna addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta. Turancin ba ji muke yi ba, amma ba wanda ya taɓa tambayar me ake ciki. Yayyenmu kuwa sai su riƙa yi mana gori, wai su a zamaninsu Voltron suka kalla a NTA, zakuna biyar na ƙarfe masu haɗewa su zama ƙato guda. Ashe duk ɗanjuma ne da ɗanjummai. Voltron ɗin nan na 1984 daga wani katun ɗin Japan mai suna GoLion aka ɗebo shi, kuma namun ma can ne asalinsa.

Mu a Kano duk fim ɗin da ake tsalle ana hauri ɗan Chana muke ce masa, in kuwa an ji Turanci a ce na Amurka ne. Wannan na Japan ne, kuma sunan jerin a wurinsu Super Sentai. Kalmar sentai tana nufin runduna. Kamfanin Toei ne ya fara shi a watan Afrilu na 1975 da wani shiri mai suna Gorenger, wanda mai zanen labarai Shotaro Ishinomori ya ƙirƙiro. Go a harshensu biyar ke nan: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, ruwan hoda da kore. Shirin ya yi fitowa 84 kafin ya ƙare a 1977. Ƙaton mutum-mutumin ƙarfen nan da yara suke mutuwar so bai shigo ba sai a 1979, a shirin Battle Fever J. Daga nan abin ya zama al'ada, kowace shekara sabuwar runduna, sababbin kaya, sabon abokin gaba.

To ina Amurka ta shigo? Wani ɗan kasuwa ne, Haim Saban, haifaffen Iskandariyya ta ƙasar Masar, ya ga irin shirin a Japan, ya yi shekaru yana tallarsa ga gidajen talabijin na Amurka ana ce masa shirme ne. Wadda ta karɓa daga ƙarshe mace ce, Margaret Loesch, shugabar tashar yara ta Fox Kids. Dabarar da ya yi mai arha ce. Ya sayi shirin Zyuranger na 1992, ya yanke wuraren da fuskokin jaruman Japanawa suka fito, ya bar wuraren faɗa tunda an rufe fuska, sannan ya ɗauki matasan Amurka suka yi sauran. A watan Agusta na 1993 aka fara nuna shi da sunan Mighty Morphin Power Rangers. Wato abin da muka kalla a Yakasai riga ce mai haɗi, wuya na Amurka, jiki na Japan, kuma ba mu taɓa lura da ɗinkin ba.

Yanzu ga tambayar da ta kawo ni. Fim ɗin da kowa yake ganin dodonsa roba ne, me ya sa ya kama yaro a Tokyo ya kuma kama yaro a Mandawari?

A ganina babban sirrin shi ne adadin nan na biyar. Ki duba finafinan da muka saba da su, na Indiya da na Chana: akta ɗaya ne, sai bos. In yara shida za su kwaikwayi wannan, ɗaya ne zai ji daɗi, sauran su zama masu shan duka, kuma kin san wa zai zama akta, wanda ya fi ƙarfi. Amma a nan gurbi biyar ne, wani lokaci har da na shida da yake zuwa daga baya. Mai ƙarfi ya ɗauki ja, mai wayo ya ɗauki shuɗi, mai barkwanci ya samu nasa, ɗan autan da kullum ake kora ma yana da launi. Kuma labarin da kansa ba ya barin Ja ya ci shi kaɗai. A Gorenger, makaminsu na ƙarshe ƙwallo ce da suke miƙa wa juna ɗaya bayan ɗaya, sai ta bi ta kan kowa sannan a buga wa dodo. Haka mutum-mutumin ma, wannan ya kawo ƙafa, wancan hannu, wancan ƙirji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani tun daga bakin kakanni, amma yaro ɗan shekara bakwai bai taɓa ganin jinka ba a cikin birni. Wannan kuwa yana gani da idonsa, in mutum ɗaya bai zo ba ƙaton ba zai tsaya da ƙafarsa ba. Yaron da ya tashi a gidan yawa, ana cin tuwo a kwano ɗaya, ana layi a bakin famfo, ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane wannan.

Launin ma ba baƙonmu ba ne. Wanda ya je Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ga dogarai cikin ja da kore, ya ga kowane hakimi da jama'arsa cikin shiga iri ɗaya, tun daga nesa ana cewa ga su wane nan. Mu mata kuwa da muke fitar da anko kala biyu uku a biki ɗaya, ai ba mu da bakin yi wa yaro dariya.

Akwai wani wuri da manya suke tsaki in sun gani. Ga dodo a tsaye, su kuma jaruman sun jeru, kowa ya fito gaba ya faɗi sunansa da launinsa, ya yi wata irin tsayuwa, sannan wuta ta tashi a bayansu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce, "Shi wannan dodon me yake jira?" To ai abin da abokin karawar ɗan dambe yake jira shi yake jira. Ɗan dambe ya shiga fili ya ɗaga hannu yana kirari, ba wanda zai kai masa naushi sai ya gama, haka maharba da 'yan tauri. Su ma Japanawan ba daga sama suka samo ba. Suna da tsohon wasan daɓe da ake kira kabuki, kuma a cikinsa akwai wani sanannen wasa na 1862 inda ɓarayi biyar suke jeruwa kowa ya gabatar da kansa. Daga can aka aro wannan jeren. Don haka in kin ji yaro yana ihu da sunan launinsa, kirari yake yi, sai dai da aron baki.

Sai maimaici. Kowace fitowa kusan hanya ɗaya take bi: dodo ya zo ya dami gari, a gwabza, a kayar da shi, ya kumbura ya zama kamar dutsen Dala, a kira mutum-mutumi a ƙarasa shi. Duka bai wuce minti 25 ba. Babba zai ce an raina masa hankali. Amma ki tuna daren da kika yi wa yara tatsuniyar Gizo karo na goma, kika tsallake wani wuri don barci kike ji, suka ce ba haka ba ne. Yaro yana son ya san abin da zai faru, ya jira shi, ya faru ɗin. Tsoron dodo yana da daɗi ne in an tabbata za a kashe shi kafin a tashi.

Ni abin da ya fi burge ni da na girma na karanci aikin jarida shi ne yadda ake yin abin. Mutum ne a cikin rigar dodon. Benayen da ake rusawa ƙanana ne da aka haɗa da hannu, a ajiye kyamara a ƙasa don ƙaton ya cika ido. Wannan sana'a suna ce mata tokusatsu, kuma tun fim ɗin Godzilla na 1954 suke goge ta. Kin ga ke nan abu ne da yaro zai iya cewa ni ma zan yi. Da kwali da kwano da ɗankwalin Umma an gama. Yaran da suke liƙa gemun auduga da cikin tsumma su fita tashe in azumi ya kai goma, sun san wannan ilimin sarai: kowa ya san kai ne a ciki, amma kowa ya yarda ya yi kamar bai sani ba.

Bari in taɓo namu na mata. Tun a Gorenger akwai mace ɗaya, mai ruwan hoda, kuma ita ce gwanar haɗa nakiya, ba 'yar rakiya ba ce. A 1984 shirin Bioman ya sa mata biyu, a 1994 kuma Kakuranger ya ba mace shugabancin rundunar. Ga wani abin dariya. A Power Rangers na farko mata biyu ne, amma mai ruwan hoda ce kaɗai take da siket. Dalili kuwa, a na Japan ɗin mai ruwan ɗorawa namiji ne. Ni kuwa ita nake zama a lungunmu, ina ta alfahari, ashe kwaikwayon namiji nake yi. Duk da haka wannan ne wasa ɗaya tak da maza suke zuwa har zaure su ce mu fito, don lissafi ba ya cika sai da mu.

To amma uwargida, kada in yi miki tallar da ba a biya ni ba. Shirin nan kasuwanci ne tun daga tushe. Kamfanin Bandai ne ya daɗe yana ƙera kayan wasansa, kuma sabuwar runduna a kowace shekara ta kasance tana nufin sabon mutum-mutumi da sabon takobi da yaro zai yi wa kuka a kanti. A 2018 kamfanin kayan wasa na Hasbro ya sayi Power Rangers a kan dala miliyan 522. Ba don tarbiyyar 'ya'yanmu aka zuba wannan kuɗi ba. A Japan ɗin ma, da jerin ya cika shekara 50 a 2025, sai kafofin labaransu suka ba da rahoton za a dakatar da shi bayan runduna ta 49, kuma batun ciniki ne a gaba cikin dalilan da aka ambata.

Haurin nan kuma gaskiya ne. A 1995 wani malamin jami'a a Amurka, Chris Boyatzis, da abokan aikinsa sun nuna wa waɗansu 'yan firamare fitowa ɗaya, suka bar waɗansu ba su kalla ba, sannan suka zuba ido a kan wasansu. Waɗanda suka kalla sun ninka sauran kusan sau bakwai wajen kai duka da hauri, kuma yawanci maza ne. Binciken ya auna abin da ya biyo bayan kallo ne nan take, bai ce yaron zai girma ya zama ɗan daba ba, amma kowace uwa za ta gane hoton. Ƙasar New Zealand ta cire shirin daga talabijin a 1994 saboda koken iyaye, abin mamaki kuma daga baya can aka koma ɗaukarsa na tsawon shekaru. Mu ma mun biya namu kuɗin makaranta. Wana ya hau katangar gidanmu ya ce zai sauko irin na Ja, ya sauko kuwa, sai gidan mai ɗori. Wata guda hannunsa na rataye, kuma an hana mu zuwa kallo har bayan babbar sallah.

Hanin bai yi aiki ba, mun koma leƙe ta taga. Shi ya sa da nawa yaran suka gano tsofaffin shirye-shiryen a YouTube ban ƙwace wayar ba, na zauna muka kalla tare. Na nemo musu hotunan yadda ake ɗauka, suka ga mutumin da yake cikin rigar dodo ya cire kan yana shan ruwa, suka ga katifar da ake faɗawa a kai. Na gaya musu waɗanda suke tsallen nan ƙwararru ne da suka yi shekaru suna koyo, kuma ƙafarsu ba ta taɓa jikin juna da gaske. Dokarmu uku ce: kirari da tsayuwa an yarda, dodo kuwa filo ne ko buhu ba ƙani ba, sannan ba a hawa komai da ya fi turmi tsawo. Ja kuma karɓa-karɓa ake yi, kowa da ranarsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta ƙaramar ce, 'yar shekara biyar. Ta ɗaura jan ɗankwalina, ta jera yayyenta biyu da 'ya'yan maƙwabta a bayanta, ta ce ba wanda zai taɓa buhun sai Kore ya dawo daga aiken da na yi masa. Haka suka tsaya a rana suna jiransa, shi kuma yana can wajen mai niƙa.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A gaida yara.