Su Wane Ne Ɗaliban Jami'ar Badun?

Duk wanda ya shiga mota daga Mokola zai tafi Ojoo, in ya wuce Sango, ba zai rasa ganin babbar ƙofar Jami'ar Badun a hannunsa na hagu ba. Mutanen Sabo da na kasuwar Bodija da na Shasha suna wuce wannan ƙofa safe da yamma. Waɗansu ma sukan shiga ciki, ko dai su kai kaya, ko su kai yara kallon namun daji ranar salla. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu ko 'ya'yan wane ne dubban samari da 'yan matan nan da ke kai da kawowa a ciki, da kuma dalilin da ya sa da wuya a ji Hausa a bakinsu.

Ita dai wannan jami'a ita ce ta fari a Nijeriya. An buɗe ta a cikin shekarar 1948 tana reshen Jami'ar London, da ɗalibai 104 waɗanda aka ɗebo daga babbar kwalejin Yaba ta Ikko. A wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele suka fara zama, sa'an nan a 1952 aka koma wurin da take yanzu. Baturen da ya fara shugabancinta shi ne Dokta Kenneth Mellanby, kuma a 1960 Dokta Kenneth Dike ya hau kujerar, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta. Sai a 1962 ta tsaya da ƙafafunta ta fara ba da digirin kanta.

Da yake har zuwa 1960 babu wata jami'a a ƙasar nan sai ita, duk yaron da ya yi fice a makarantarsa, ko daga ina yake, can ya nufa. Chinua Achebe yana cikin waɗanda suka shiga a 1948. Wole Soyinka ya biyo baya, da Christopher Okigbo, da Bola Ige, da Emeka Anyaoku. A wancan zamani ɗalibi ɗan gata ne. Ɗaki nasa ne shi kaɗai, a dafa masa, a wanke masa, a share masa ɗaki, in za a ci abincin dare na musamman har da riga mai fuka-fukai irin ta masu digiri. Mutanen gari kuwa kallon Turawan gobe suke yi musu, ba su kuwa yi ƙarya ba, domin su ne suka gaji kujerun Turawa bayan samun mulkin kai.

'Yan Arewa ba su da yawa a cikin wannan taro, don kuwa makarantun sakandaren da ke Jihar Arewa a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Amma 'yan kaɗan ɗin da suka zo ba su ba da kunya ba. Iya Abubakar ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a ilmin lissafi, ya zarce Cambridge a Ingila, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Malam Adamu Ciroma ya karanta tarihi ya gama a 1961, ya zama editan jaridar New Nigerian, sa'an nan Gwamnan Babban Bankin Nijeriya. Jibril Aminu ya gama likitanci a 1965, shi ne kuwa zakaran ajinsu. Waɗannan duka sun zauna a Badun shekara da shekaru, sun ci amala da ewedu, ba abin da ya rage musu.

Shugabannin Arewa na lokacin ba su ɗauki jami'ar a kan ta Yarbawa ba ce. Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa shi aka fara naɗawa uban jami'ar a 1963, bayan rasuwarsa kuma aka naɗa Sa Kashim Ibrahim. A 1962 Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello ya zo da kansa ya buɗe gidan kwanan ɗalibai da aka sa wa sunan kakan ubansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Akwai kuma wani gida mai sunan Tafawa Ɓalewa, da wani mai sunan Janar Abdulsalami Abubakar, duka biyu na masu neman babban digiri. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya riƙe uban jami'ar, a 2015 kuma aka naɗa Sarkin Musulmi Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar. Watau dai sunayen Arewa sun cika bangon jami'ar. 'Ya'yan Arewa ne suka yi ƙaranci a cikin ɗakunan.

Abin da ya fara canza kamannin ɗaliban shi ne rikicin 1966. Ɗalibai da malamai 'yan Gabas suka kwashe suka koma Nsukka, har da shi Dokta Dike, jami'ar ta yi asarar wani babban ɓangare na mutanenta. Bayan yaƙi waɗansu sun dawo, amma kafin nan kowane yanki ya riga ya sami tasa. Arewa tana da ta Zariya tun 1962, a tsakiyar shekarun 1970 kuma aka ƙara na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori. Daga baya jihohi suka shiga gina nasu. Yaron Katsina ko na Bauci ba shi da sauran dalilin yin doguwar tafiya zuwa Kurmi, ga tsadar mota, ga baƙon abinci, ga iyaye masu fargaba. Sannu a hankali ɗaliban digirin farko a Badun suka zama galibi Yarbawa ne, daga Oyo da Osun da Ogun da Ondo da Ekiti da Ikko, sai Ibo da mutanen Edo da Delta, yawancinsu waɗanda aka haifa a nan Yamma. Daga Arewa kuwa an fi ganin mutanen Kwara da Kogi da Binuwai.

A sashen babban digiri labarin ya ɗan bambanta. Badun ta daɗe tana ba wannan sashe ƙarfi, saboda haka a can za a tarar da malaman jami'o'i da kwalejoji daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, da likitoci, da ma'aikatan gwamnati masu furfura, har da baƙi daga waɗansu ƙasashen Afirka. In an ji Hausa a harabar jami'ar, sau da yawa daga bakin irin waɗannan magidanta ne, waɗanda suka bar iyali a gida suka zo na shekara biyu ko uku.

Rayuwar ɗalibi a Badun a gidan kwanansa take. Kowane gida da halinsa, kuma sabon shiga yakan ɗauki halin gidan da aka jefa shi. Gidan Mellanby shi ne babban wa, mutanensa suna taƙama da cewa su ne na fari. Na gidan Sarkin Musulmi Bello an san su da natsuwa da sa tufafi tsaf. Amma gidan Azikiwe da gidan Independence sai wanda ya gani. Na farko suna kiran gidansu Baluba, na biyu Katanga, sunayen da suka aro daga rikicin Kwango na farkon shekarun 1960. Su ne sarakunan wata ɗabi'a da ake kira aro, watau tsokana da ba'a da babbar murya, wadda ta samo suna daga asibitin masu taɓin hankali na Aro a Abekuta. Yarinya ta kuskura ta bi ta gaban gidan da takalmi mai tsini, to, za ta ji waƙa daga bene har ta ɓace. Wasa ne, in ji su. Wanda aka yi wa ba kullum yake ganin wasa ba. Mata kuwa gidajensu na daɗewa su ne na Sarauniya Elizabeth da na Sarauniya Idia, ɗaliban likitanci na manyan azuzuwa kuma suna gidan Alexander Brown, can cikin babban asibitin koyarwa.

Zamanin gata ya wuce tuni. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, kowa ya koma ga risho da buka. Ɗakin da aka gina don mutum ɗaya ko biyu sai ga huɗu a ciki, ban da 'yan raɓe. Wanda bai sami gado ba sai ya tsallaka titi ya kama haya a Agbowo. Ɗalibai da yawa suna haɗa karatu da neman na kansu, wannan tana kitso, wancan yana gyaran waya, wani yana koyar da yaran masu hali da yamma. Ba 'ya'yan attajirai ba ne galibinsu, domin masu kuɗi sun kwashe nasu sun kai jami'o'in kuɗi ko ƙasashen waje. 'Ya'yan malaman makaranta ne, da na ƙananan ma'aikata, da na mata 'yan kasuwa. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yajin aikin malamai. A 2020 an rufe jami'o'in Gwamnatin Tarayya wajen wata tara, a 2022 kuma wata takwas, karatun shekara huɗu ya koma na biyar ko shida.

Ta wajen addini, iyaye da yawa a Sabo suna zaton wurin na Kirista ne zalla. Ba haka ba ne. Musulmi Yarbawa suna da yawa ƙwarai a cikin ɗaliban, ƙungiyar ɗalibai Musulmi tana da ƙarfi, ga babban masallacin Juma'a, ga kuma sashen Larabci da ilmin addinin Musulunci wanda ke nan tun farkon shekarun 1960. An taɓa samun saɓani a 1986, lokacin da Musulmi suka yi ƙorafi cewa gicciyen da ke gaban majami'ar jami'ar yana fuskantar sabon masallaci ta wajen alƙibla. Magana ta yi zafi har ta cika jaridu, amma a ƙarshe katanga aka gina ta tsare gicciyen daga idon masu salla, kowa ya ci gaba da ibadarsa.

Ɗaliban Badun ba su da sanyin baki a gaban hukuma. Ran 1 ga watan Fabrairu 1971, a wata zanga-zanga da ta taso daga ƙorafin abinci a gidan Azikiwe, 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi mai suna Kunle Adepeju. Shi ne ɗalibin jami'a na farko da aka kashe ta wannan hanya a ƙasar nan, ginin ƙungiyar ɗalibai kuma sunansa yake amsawa. A watan Afrilu 1978 aka ƙara kuɗin abinci da kwabo 50, daga Naira ɗaya da kwabo 50 zuwa Naira 2 a rana, ɗaliban ƙasar duka suka tashi a ƙarƙashin Segun Okeowo suna neman a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibi a Ikko, an kashe waɗansu a Zariya, gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Abin lura a nan, shi Kanar Ali tsohon ɗalibin Badun ne, haka Dokta Jibril Aminu da ke riƙe da Hukumar Jami'o'i, haka Iya Abubakar da ke shugabancin ta Zariya. Kusan dai rikicin 'yan gida ɗaya ne.

To, ina 'ya'yan Sabo a cikin wannan duka? An kafa Sabon Badun tun 1916, ta girmi jami'ar da shekara 32, tsakaninsu kuwa 'yan mil kaɗan ne. Yaran da aka haifa a nan suna jin Yarbanci kamar 'yan gari, sun saba da abincin, ba su bukatar kuɗin mota zuwa ko'ina, mai so ma yana iya kwana a gidan ubansa. Duk abin da ke hana yaron Arewa zuwa Badun su bai shafe su ba. Duk da haka ƙalilan ne ke shiga. Waɗansu ciniki ne ya ɗauke su tun suna ƙanana, na shanu ko goro ko canji, 'yan mata kuma aure. Waɗanda suka gama sakandare kuwa, iyaye sun fi son su tura su gida, Kano ko Zariya, wai don kada yaro ya ɓace a cikin baƙi.

Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba game da yadda ake ɗaukar ɗalibai. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978 ta hannunta ake shiga, kuma ƙa'idar Gwamnatin Tarayya ta raba guraben jami'o'inta kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suke. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar. Kashi 20 kuwa an keɓe shi ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin boko, kuma jihohin Arewa 19 duk suna cikin wannan jeri. Jihar asali ake dubawa, ba wurin zama ba. Ke nan yaron da aka haifa a Sabo, wanda asalin ubansa Kano ne ko Sakkwato ko Jigawa, yana da haƙƙi a cikin wannan kashi 20, kuma a fannoni da dama makin da ake nema a nan bai kai na kashin farko ba. Inda jihohin suka kasa kawo masu nema, gurbin ba ya zama fanko, wani ne ke shiga.

Wannan ba ya nufin ƙofar a wangale take. Badun ta yi suna wajen tsanani. Ta saba ƙin duba wanda bai zaɓe ta a matsayin ta farko ba, ko wanda makinsa na JAMB bai kai 200 ba, bayan haka kuma ga tata jarrabawar, ga sharaɗin cin darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci. Wanda ya shiga ya yi wasa a shekarar farko kuma sallamarsa ake yi. Sai dai babban tarnaƙin ɗan Sabo shi ne takardar shaidar asali. Jihar Oyo ba ta cika lasafta shi ɗan ƙasa ba ko da kakansa a Badun aka binne shi, ƙaramar hukumar da kakan ya baro kuwa wataƙila ba wanda ya san yaron a can. Sai uba ya ɗauke shi sun tafi gida, mai unguwa ko dagaci ya shaida gidansu, hakimi ya sa hannu, sakatariyar ƙaramar hukuma ta ba da takarda. Wannan tafiya ta kwana biyu ko uku ce, kuma tun yaro yana aji biyar na sakandare ya kamata a yi ta, domin jihar da ya rubuta ranar cika fom ɗin JAMB ita za ta bi shi har ranar tantancewa.