Sirrin Sutura a Fim Yana Ƙarƙashi: Daga Basul ɗin Turawa Zuwa Jigida da Acuci-maza

Duk wanda ya saba kallon finafinan tarihi na Turawa, irin su The Age of Innocence na 1993 ko shirin The Gilded Age da aka fara nunawa a 2022, ya san wannan shigar: mace ta fito da doguwar riga, gabanta a shafe, amma ta baya rigar ta yi tudu ta miƙe kamar an ɗora mata kanta. 'Yan kallo da yawa a nan suna ɗauka ko halittar matan ce haka, wasu kuma su ce yadi ne aka cusa da yawa. Ba ko ɗaya. Wani gini ne ake ɗaurawa a ƙugu kafin a sa riga, Turawan Ingila suna kiran sa basul. Yau ina so in warware yadda ake yin sa, domin akwai darasi a ciki ga Kannywood, musamman masu finafinan ƙauye da na sarauta da ke zuwa ɗauka a yankinmu na Tiga da dajin Falgore.

Kafin basul akwai wani abu da ake kira kirinolin, wanda ya bazu daga 1856. Ku ɗauka akurkin kaji ne aka yi da siraran ƙarafa, zobe bisa zobe, mace ta shiga ciki ta ɗaure a ƙugu, siket ya baje a kai ta kowane ɓangare. Shiga ƙofa da shi aiki ne, kuma mata da dama sun ƙone saboda bakin siket yana kai wa murhu ba su sani ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1860 sai yayi ya juya: aka shafe gaba, aka tura duk yalwar yadin zuwa baya, ana tattare shi ana ɗagewa. To yadi mai nauyi idan aka tara shi wuri guda ba abin da zai riƙe shi, zubewa zai yi. Wannan buƙatar ce ta haifi basul. Ya yi tashe daga wajen 1870 zuwa 1876, ya lafa na 'yan shekaru, sannan ya dawo da ƙarfinsa daga 1883 zuwa 1889. A zagaye na biyun ne ya fi girma, har ya miƙe daga ƙugu kamar tebur. A lissafinmu na nan, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ke nan da na Sarki Bello.

Yadda ake yin sa iri-iri ne. Mafi sauƙi shi ne ɗan matashi da aka cusa wa gashin doki ko gashin tsuntsu ko ciyawa, aka ɗinka masa igiyoyi biyu na ɗaurewa a ciki. Kuma gashin dokin nan na ainihi ne fa, na jela da geza, ba irin wanda matanmu ke ƙari da shi a kitso ba. Sai na biyu, inda ake saƙa gashin dokin ya zama yadi mai tauri, a yi masa tattara hawa-hawa, kowane hawa ya tokare na samansa. Na uku shi ne na ƙarfe, wanda ya fi burge ni. Tela zai yanka farin yadin auduga, ya ɗinka masa hanyoyi a kwance kamar gidan mazagi, ya zura siraran ƙarafa masu lanƙwasuwa a ciki. Ta ciki kuma akwai igiyoyi da ke haɗa gefe da gefe. Idan aka ja su aka ɗaure, ƙarafan sai su tanƙware su yi baka. A ja da ƙarfi tudun ya ƙaru, a sassauta ya ragu. Har akwai wani da aka sa wa sunan 'yar wasan dandamali Lillie Langtry, wanda ƙarafansa ke naɗewa idan mace ta zauna, ta miƙe kuma su koma yadda suke.

Basul shi kaɗai ba ya aiki. Ana rufe shi da siket na ciki don kada ƙarafan su fito kamar haƙarƙari, sannan siket na waje dole a yanka shi ya fi tsawo ta baya, in ba haka ba bakinsa zai ɗage. A cikin siket ɗin ma akwai wasu igiyoyin da ke jan yadi baya don gaba ya kwanta. Shi ya sa idan an ɗauki rigar 1885 aka sa wa jaruma ba basul, za ta zube a jikinta kamar buhun da ba kowa a ciki. Kuma ginin yana canza tafiya da zama: mace ba ta jingina, a bakin kujera take ɗosana, ta ɗan karkace. Gabriella Pescucci, wadda ta kula da sutura a The Age of Innocence, ta ci kyautar Oscar a kan aikin, kuma rabin abin da aka yaba ɗan kallo bai ma gan shi da ido ba, yana ƙarƙashin riga.

Yanzu mu dawo gida. Kada wani ya ce wannan haukan Turawa ne, mu ba ruwanmu. Kakanninmu mata ma suna gina siffar shigarsu daga ciki, kayan aikin ne suka bambanta. Na farko jigida. Ta dā ana yin ta ne da ɓawon ƙwallon kwakwa, a yanka ƙanana a zagaye, a huda, a goge, a zura a zare, kafin ta roba mai launi-launi ta shigo. Ba ɗaya ake ɗaurawa ba, mai hali tana jera su da yawa, su cika ƙugu, su ba zani wurin zama. Sai fatari a kai, sai zani, wani lokaci zani bisa zani. Ga kuma ƙararta idan ana tafiya ko rawa, abin da mawaƙan gaɗa suka daɗe da sani.

Na biyu shi ne yadin kansa. Saƙin hannu na audugar gida yana da kauri da nauyi. Maza suna saƙa siraran ƙyallaye a haɗa su da ɗinki, mata kuma suna saƙa mai faɗi irin gwado a masaƙar tsaye cikin gida. A kai marina a rina da baba, kuma Kura da ke maƙwabtaka da mu ta yi suna a wannan har cikin Sahara. Daga nan sai wurin masu bugu, su bubbuge shi a kan gungume har ya yi sheƙi. Irin wannan zanin idan aka ɗaura shi a ƙirji tsayawa yake da kansa, ba ya manne wa jiki, naɗinsa kuma yana yin kauri. Mace mai goyo ga majanyi ya ƙara wani hawan. Siffar da ke fitowa mai faɗi ce, mai nauyi, tafiyar ma a natse.

Mu ɗauki misali. A farkon 1903, sojojin Ingila da ke kan hanyar Kano sun ci karo da turjiya a Bebeji, sai da suka fasa ƙofar garin da igwa. Labari ne da ya isa a yi masa fim, kuma ina fata wata rana a yi. Idan darakta ya tashi, me matan Bebeji za su saka? Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, masaƙar Kaduna kuwa sai 1957 ta fara aiki. Yadin Turai yana shigowa a wancan lokacin, amma na masu hali ne. Mace a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada saƙi za ta ɗaura. Amma abin da muka saba gani a finafinanmu na "zamanin dā" shi ne a je Kantin Kwari a yanko yadin roba mai launin shuɗi, a ɗaura wa jaruma a kan siket mai lastik, ga ciko a ƙasa, ga acuci-maza a ka, sai a ɗiga mata kwalli a goshi a ce an koma dā. Launin ya yi daidai, siffar kuma ta bana ce. Tsohuwa da ke kallo a Doguwa tana gani za ta ce, "Wannan ai 'yar birni ce." Haka nan idan an sako Baturiya a fim ɗin farkon mulkin mallaka, kada a ɗaura mata basul, don kafin 1903 ya fi shekara 10 da barin yayi.

Tunda na ambaci ciko da acuci-maza, su ne 'yan'uwan basul na kusa a wurinmu yau. Ciko soso ne da aka yanka daidai ƙugu aka ɗinke cikin gajeren wando ko siket na ciki. Acuci-maza kuma dunƙule ne na soso ko tsumma ko zare da ake ɗaurawa a ƙeya don ɗankwali ya sami abin hawa, ya yi tudu. Aikinsu ɗaya da ɗan matashin nan na gashin doki: su tallafi yadi ya ba da siffar da yayi ke so. Amma akwai bambanci babba. Baturiyar 1885 ba ta yaudari kowa ba, domin ba mahalukin da zai ɗauka ɗan Adam yana da irin wannan bayan. Kowa ya san gini ne, kamar yadda kowa ya san gwaggwaro ko ɗaurin ture-ka-ga-tsiya ba girman kai ba ne. Ciko kuwa an yi shi ne don a ɗauka jiki ne, sunan acuci-maza ma ya faɗi abin da mutane ke gani game da shi. Nan ne malamai suke magana, kuma sukan kawo hadisin da ya siffanta kan mata da tozon raƙumi. Ni ba malama ba ce, fatawa tana wurinsu. Abin da na tsaya a kai na fim ne: jarumar da ke taka rawar matar 1903 ba ta da hujjar sa soson 2020.

Wani zai ce ai kuɗi ne babu. Gaskiya ne kasafin finafinanmu ƙarami ne, kuma saƙin hannu ya yi tsada saboda masaƙa sun ragu. Amma zani 10 na saƙi da jigida 'yan dozin za su yi wa kamfani finafinai da yawa idan an adana su. Matsalar ita ce ba mu da al'adar ɗakin ajiyar sutura. Ana gama ɗauka kaya su watse, fim na gaba a sake daga farko. A 2016 an yi maganar gina ƙauyen fim a Kofa da ke Bebeji, aka yi ta muhawara, daga baya gwamnatin tarayya ta janye. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, amma ɗakin ajiyar kaya ba ya buƙatar biliyoyi. Shago ɗaya ya isa, da mutum ɗaya mai kishi.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci ma shi ne tambaya. Gidan Makama yana nan a Kano don ganin kayan dā. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, ya cancanci duk mai kula da sutura ya zauna ya kalle shi da takarda da biro. Sannan ga tsofaffinmu. A kowane ƙauye da kuka je ɗauka tsakanin Tiga da Riruwai akwai iyar da ta ɗaura jigida tana budurwa, wataƙila ma saƙin aurenta yana ƙasan adaka. Ku gaishe ta, ku ce, "Iya, nuna mana yadda kuke ɗaurawa." Minti 10 za ta koya wa jaruma inda naɗi ke zama da yadda ake durƙusawa da shi. Turawa sun ajiye basul ɗinsu a gidajen tarihi har da ma'auni, shi ya sa telan yau zai iya ɗinka shi daidai. Namu ilimin yana kan tsofaffin nan ne, kuma kullum raguwa suke. Yaran da ke tasowa a fim za su ga kakanninsu, abin da aka nuna masu shi za su riƙe.

Ku faɗa mini, wane fim ɗin Hausa ne kuka ga an yi shigar dā yadda ya kamata? Idan kuma akwai mai tsohon saƙi ko jigidar gado a gida, a ɗauki hoto a adana kafin asu ya riga mu.