AKWATIN INTANET: YADDA AKE HAƊA MASA WUTA

Ƴan uwa na makarantun yaƙi da jahilci, ga wani bayani da ya shahi dukiyarku da lahiyarku.

A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take aiko ma Nijar, ba ta dawo ba sai watan Maris na 2024. Tun lokacin mutane da dama suka koma ga hwarantin hasken rana da batir. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Kore Mairuwa, za ku ga ɗan akwatin intanet a gidan likita, a meri, ko a shagon mai cajin salula. Akwatin nan yana da tsada, kuma kuskure guda ya isa ya kashe shi.

Wutar batir ba irin ta Nijelek ba ce. Tana da kai biyu da ba a musanyawa. Kai mai alamar + shi ke ɗaukar jan fil. Kai mai alamar – shi ke ɗaukar baƙin fil. In ka juya su, akwati na iya ƙonewa nan take. Ku da kuka koyi karatu, ga ranarsa: ku juya akwatin ku karanta abin da aka rubuta a bayansa. Yawanci 12 V ne, amma akwai na 9 V da na 5 V. Batir biyu da aka jera, kan wannan ga gindin wancan, 24 V suke badawa. Wannan ya hi ƙarhinsa.

Kada a haɗa akwati kai tsaye da hwaranti. Da tsakar rana hwarantin 12 V yana kaiwa 18 V ko hiye. Sai an sa regilater a tsakani. A hwara haɗa batir da regilater, sannan hwaranti, akwati daga ƙarshe. In za a kwance, hwaranti ake hwara cirewa. A sa fizibil kan jan fil, kusa da batir. In ya ƙone a sayi wani irinsa. Masu naɗa masa takardar kwalin taba gobara suke nema. Mai aikin ya cire zobe da agogo, kuma ba a shan taba kusa da batir.

Saura babbar magana, fil na ƙasa. Nan ne mutane ke rowa, don ba su ga amfaninsa da rani. Amma da damina, in aradu ta hwaɗi kusa, wuta mai ƙarhi tana biyo sandar eriya da fil ta shigo ɗaki. Hanya take nema zuwa ƙasa. In ba ka yi mata hanya ba, sai ta bi ta akwatin, ko ta jikin wanda ke riƙe da shi.

A samu sandar jan ƙarhe mai tsawon kamar mita 2, a kahe ta cikin ƙasa kusa da bango. A ɗaure mata fil mai kauri, mai launin kore da rawaya, a matse da noti. Ƙarhen da ke riƙe da hwaranti, da sandar eriya, da notin ƙasa na jikin akwati in yana da shi, duka a haɗa su da ita. Fil ɗin ya zama gajere, miƙaƙƙe.

Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta sosai. Mutanen cikin Dallol Mawri sun yi sa'a, ruwa na kusa. Na kan tudu da fako sai su nemi wuri mai laima, su riƙa zuba ma sandar ruwa da rani. Kahin ruwan hwari a duba, ko tsatsa ta ci noti, ko akuya ta tsinke fil.

Ko da sanda, in hadari ya taso a kashe akwati a zare fil ɗin eriya tun kahin a hwara tsawa.

Dogayen eriyoyin kamfanonin salula kuwa nasu tsarin daban ne: 48 V suke aiki da shi, kuma kan + ne suke haɗawa da ƙasa. Kada wani ya leƙa ya ce zai kwaikwaya a gida. Ko a gida, wane kan batir za a haɗa da ƙasa, wannan ya danganta da irin regilater. A bar ma mai gyaran wuta da ya koyi aikin.