Ba Mita Ce Ke Cinye Kuɗin Wutarka Ba

Na gaji da jin wata magana da ke yawo a majalisun Birnin Kebbi da Argungu, daga Badariya zuwa Gesse har bakin kasuwa: wai mita mai kati ɓarauniya ce, gudu take yi, ko ka kashe komai sai ta sha. Wasu ma cewa suke tun da aka sa jama'a shigar da lambobin sabunta mita a 2024 aka ƙara mata sauri. Da wannan hujja maigida zai kira wani yaro mai filaya, ya ba shi na goro, a zagaye mitar da waya, a jona esi da firiza kai tsaye. In an kira salla kuma shi ne a sahun gaba.

Yunit ɗaya dai shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda, kuma kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa a jikinsa. Aikin mita bai wuce na mudun mai awon shinkafa ba: abin da aka ɗiba yake nunawa, ba ya cin ƙwaya ɗaya. In shinkafa ta yi tsada, ko bakunan gida sun ƙaru, fasa mudu ba zai cika tukunya ba.

To me ya sa katin dubu biyar da ke kai mutum wata guda a da, yanzu ba ya kai mako biyu? Farashin ne ya sauya. Tun 2020 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta raba masu shan wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit na rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Wanda layinsa ya faɗa wannan rukuni, kuɗin da ke saya masa yunit uku ya koma yana sayen ɗaya. A kan wannan akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari, kuma in akwai tsohon bashi a kan gidan, ana iya zaftare wani abu duk lokacin da aka sayi kati. Duk wannan yana cikin rasit, amma wa ke karanta rasit? Lambobi 20 ɗin nan kawai muke dubawa mu yar da takardar.

Batun sabunta mita kuwa, ba a Kebbi aka ƙirƙiro shi ba, ba kuma kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric ya ƙago shi ba. A da kowane kati yana ɗauke da lissafin mintoci da aka fara ƙirgawa tun 1993, lissafin kuma ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Mitar da ba a sabunta ba sai ta daina karɓar sabon kati. An yi wannan aiki a Afirka ta Kudu da Kenya da sauran ƙasashen da ke kan tsarin. Lambobin ba su taɓa ɓangaren awo ba ko kaɗan.

Wanda bai yarda ba, ga gwaji da ba ya cin ko kwabo. A jikin mita akwai ɗan jan haske da ke ƙiftawa idan wuta na wucewa. A kashe komai na gida, a zare duk filogi, a tsaya a duba. In ya daina ƙiftawa, mita ta wanke kanta. In ya ci gaba, ko dai wayoyin gidan sun tsufa suna zubar da wuta cikin bango, abin da ya fi yawa da damina, ko wani shago ko ɗakin maƙwabci na shan wutarka ba ka sani ba. Sai a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka tsoma hita a bokiti aka ga yadda hasken ke rawa, musu ya ƙare.

Abin da ke cinye kati shi ne duk abin da ke zafafawa ko sanyayawa. Hita wat 1,000 ce ko fiye. Haka dutsen guga, haka rishon lantarki. Hita ta awa guda kullum yunit 30 ke nan a wata, sama da naira dubu shida ga ɗan rukunin A. Cajar waya kuwa, ko kullum ake cajin wayar, da ƙyar ta sha yunit ɗaya a wata. Amma sai ka ji maigida na ta faɗa da yara a kan caji, alhali da hunturu hita na cikin bokiti tun asuba, ruwa ya tafasa har ana sirkawa da na sanyi. Uwargida kuma ta ɗora wake ko ganda a rishon lantarki don "an kawo wuta", kamar wutar sadaka ce.

Wannan ɗabi'a gadon zamanin NEPA ce, lokacin da ake kawo bil na kintace, ko ka sha ko ba ka sha ba kuɗin ɗaya ne. A nan muka koyi barin fitilar ƙofar gida a kunne da rana tsaka, da fanka na juyawa a ɗakin da ba kowa. Mita ta zo ta tarar da halinmu, ta fara ƙirga shi, shi ne muka ce ta cuce mu. Almubazzaranci dai sunansa almubazzaranci, ko a ruwa ko a wuta.

Gyaran daga ƙwan fitila ake fara shi. Tsofaffin ƙwayaye goma masu wat 60, awa shida kullum, yunit 108 ne a wata. A maye su da fararen nan na LED masu wat 10, hasken bai ragu ba, lissafin ya koma yunit 18. Guga a tara ta a yi rana ɗaya a mako, maimakon kowa ya jona dutse don riga guda. Ruwan wanka kuwa, mu da Allah ya hore wa rana, baƙar jarka a tsakar gida daga hantsi zuwa la'asar ta isa ta ɗumama na yamma. In hita ta zama dole, a tsaya a kanta, ruwa na yin ɗumi a zare. Hakan kuma kariya ce ga yaran da ke kai hannu cikin bokiti.

Firiza na bukatar kulawa ta musamman, musamman ga matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da masu ajiye kifi a Argungu. Kada a manna ta da bango, kada a ajiye ta inda rana ke duka ko kusa da murhu. Abu mai zafi a bari ya huce kafin a saka. A gwada robar murfi da takarda: in aka rufe a kanta ta zare cikin sauƙi, sanyi na tsiyaya, injin kuma ba zai huta ba. Tsohuwar firizar gwanjo da aka saya da araha takan karɓi cikon kuɗinta a kati wata bayan wata.

Sai esi. Ba zan ce wa mutumin Kebbi ya haƙura da shi a Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura maki 40. Amma a sani ƙaramin esi guda yana shan abin da fanka goma ke sha. A rufe ƙofa da taga, a sa labule mai kauri a ɓangaren yamma, a wanke ragar ƙura a kai a kai, a tsayar da shi a maki 25 ko 26 tare da fanka. Saukar da shi zuwa 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana injin tsayawa kawai yake yi. Injin tura ruwa ma a sa masa makashin da ke tsayar da shi idan tanki ya cika. Mai hali ya fara da ƙaramar sola ta fitilu da fanka.

Tsadar gas, faɗuwar naira da tsufan layukan wuta duk suna da nasu kaso a tsadar wuta, ban wanke kowa ba. Sai dai zagaye mita sata ce, ko da wane suna aka kira ta. Tun Janairun 2025 tarar karon farko naira 100,000 ce ga mita mai layi ɗaya, 200,000 ga mai layi uku, dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta tanadi har da ɗauri. Siririyar wayar da aka ɗora wa esi tana iya tada gobara cikin dare, kuma nauyin da ba a lissafa ba shi ke taimakawa wajen ƙona tiransifomar unguwa, a dawo ana bi gida-gida karɓar kuɗin gyara har daga gwauruwar da fitila biyu gare ta.

Wanda ya yi gwajin jan hasken nan ya ga mitarsa ce da matsala, ko yana biyan kuɗin rukunin A ba ya samun awa 20, ya kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin, ya riƙe kwafi mai hatimi tare da rasitansa. In kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, ya wuce da takardunsa ofishin sauraren koke na NERC da ke Birnin Kebbi.