Jan Zoɓo da Zauƙin Mutanen Da

A shekarar 1855, bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku, dillalan birnin Bordo na ƙasar Faransa suka jera jar giyar inabinsu daraja biyar, kuma har yau ma'abotanta sai sun dubi launi, sun sansana, sun juya ta a baki, kana su yanke mata hukunci. Mu kam, nassin Suratul Ma'ida ya haramta mana hamru, ba mu da rabo a cikinta. Amma ladabin ɗanɗano, wanda Larabawa ke kira zauƙi, Allah bai keɓe wa wata al'umma shi ba, domin duk wanda ya sha zoɓon tsofaffin matan ƙasar Malbaza ya san cewa mu ma muna da jan abin sha mai martabobi, halal ɗayyib.

Asalinsa yakuwa ce, wadda ake shukawa a gefen gonar gero, a ci ganyenta a miya, a yi daddawar batso da ƙwayarta, a shanya jajayen ɓawon 'ya'yanta. Misrawa na ce masa karkade, Senegalawa bisab. Na ga wata dattijuwa a kusa da Galmi, garin albasa, tana zaɓen wanda ya yi ja har ya doshi baƙi, ta wanke ƙasarsa, ta dafa da citta da kanumfari ƙwaya kaɗan, ta tace cikin ƙwarya, ta sa mazarƙwaila gwargwadon da ba za ta danne tsami ba, sannan ta bar wa randa sauran aikin. Kurɓar farko tsami ne ke tarbarka, sai yajin citta a maƙogwaro, daga bisani wani ɗan bauri, irin na goro, ya zauna bisa harshe ya ƙi tashi.

Wanda ake ƙullawa a leda yau a bakin kwaltar Yamai zuwa Damagaram, a ra'ayina, sukari da ƙamshin kwalba da ƙanƙara sun binne baurin nan, har mutum ya shanye bai san yakuwa ya sha ba.

Dattijuwar ba ta yarda zoɓonta ya kwana biyu a zafin bazarar Ƙonni, kuma a nan ta dace da fuƙaha'un Malikiyya, waɗanda suka halatta jiƙo muddin bai kai ga sa maye ba. Da ta ga kumfa ta fara tasowa a bakin randa, sai ta zubar.