Gidan kyauta a wasan Skyrim: Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana buga wasan Skyrim, ya san wahalar da baƙo ke sha a kwanakin farko. Wannan wasa, wanda kamfanin Bethesda na ƙasar Amurka ya fito da shi ranar 11 ga watan Nuwamba na 2011, yana jefa mutum cikin wata ƙasa ta tatsuniya mai sanyi da duwatsu da dodanni masu aman wuta. Mai wasa yana farawa ne a matsayin ɗan kaso da ya kuɓuta daga hannun hauni a garin Helgen, ba kuɗi, ba dangi, ba wurin kwana.

To, mene ne amfanin gida ga jarumin da kullum yana daji? Amsa ita ce kaya. A farkon wasa jarumi ba ya iya ɗaukar abin da ya wuce ma'auni 300, alhali ƙashin dodo guda ɗaya yana cin 15, ɓawon jikinsa kuma 10. Da zarar kaya sun wuce kima, mutum ba ya iya gudu, ba ya kuma iya tsallakawa daga gari zuwa gari ta taswira. Nan ne sababbin ƴan wasa ke tafka kuskure: sai su zuba dukiyarsu cikin wata adaka a kogo ko a sansanin ƴan fashi. Ba su san cewa wasan yana mayar da yawancin irin waɗannan wurare yadda suke da farko ba, bayan kwana 10 na cikin wasa, ko kwana 30 in an riga an share wurin. Ranar da suka koma, sai su tarar da wahalar sa'o'i da dama ta bi ruwa.

Ke nan abin da ake nema shi ne adakar da ba ta cin amana, da gadon da za a kwanta. Barci a gadon kai yana ƙara saurin koyon sana'o'i da kashi 10 cikin 100 na wani ɗan lokaci.

Gidan da kowa ya sani shi ne Breezehome na birnin Whiterun. Sarkin birnin, Balgruuf, yana ba da izinin sayensa bayan an ɗauko wani allon dutse daga kushewar Bleak Falls Barrow, amma wakilin fada Proventus Avenicci sai an ƙirga masa zinariya 5.000, ban da kuɗin kayan ɗaki. Akwai masu yi masa wayo: su amsa ciniki, su yi maza su ɓoye kuɗin cikin wata adaka kafin ya karɓa. Sai dai ko wannan dabara ba ta yiwuwa sai mutum ya tara 5.000 ɗin tukuna, don haka ba ta share hawayen baƙo.

Hanya mafi sauƙi tana arewa mai nisa, a makarantar sihiri ta Winterhold. Keken doki daga ƙofar Whiterun yana kai mutum can a kan zinariya 50. A bakin gada wata malama mai suna Faralda za ta tare shi, ta ce ya gwada wani sihiri. In bai iya ba, ta sayar masa da shi a kan 30. Da ya shiga, sai a ba shi riga da ɗaki irin na ɗalibai, mai gado da wurin ajiya. Da zinariya 80 ke nan an samu matsuguni. Aibinsa ɗaya: garin ya yi nisa, kuma kasuwarsa ba ta da ƙarfi.

Wanda yake son gida na sosai, akwai Severin Manor a garin Raven Rock na tsibirin Solstheim, wanda ya zo cikin ƙarin wasan mai suna Dragonborn a 2012. Gida ne babba mai maƙera da wurin haɗa magani. Shugaban garin, Lleril Morvayn, yana ba da shi tukuici ga wanda ya tona asirin masu shirin kashe shi. Amma jirgin ruwa daga Windhelm yana cin zinariya 250, kuma abokan gaban tsibirin sun fi ƙarfin jarumin da bai yi ƙwari ba. Mai gaggawar zuwa can, mutuwa zai yi ta yi yana sake farawa.

Fitowar cika shekara 10 da aka yi a Nuwamban 2021 ta ƙaro wasu gidajen da ba a biyan ko sisi. Akwai hasumiyar Myrwatch a fadamar da ke kusa da Morthal, akwai kuma gonar Goldenhills kusa da ƙauyen Rorikstead, wadda ake mallaka bayan an gano abin da ya halaka iyalin da suka zauna cikinta. Wannan gona ta fi sauran riba, domin ana shuka a cikinta, ana kiwo, ana iya ɗaukar ma'aikata, ta riƙa kawo kuɗi.

Mai karatu zai lura cewa babu ɗaya daga cikin gidajen nan da ake samu a kwance. Inda ba a biya da zinariya ba, an biya da tafiya ko da faɗa, don banza ba ta kai zomo kasuwa. Shawara ga sabon ɗan wasa ita ce ya fara da ɗakin Winterhold, ya adana kayansa masu daraja, ya sayar da sauran, sannan ya nemi babban gida sa'ad da takobinsa ya yi kaifi. Kafin nan kuwa, kada ya yarda ya bar ko allura cikin adakar da ba tasa ba.